Yayana da Jawabin Mai Katanga

Yayana ya yi shekara goma sha tara yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya koma mai fassara fina-finai. Mu shida ne a ɗakinmu, shi ne babba, ni ce auta. Tun muna yara shi ne mai ba mu labari. In ya je kallo ya dawo, sai ya zaunar da mu a tsakar gida ya maimaita mana fim ɗin kaf, da muryar jarumi, da ta mugu, har da ƙarar mota. Da na girma na ga wasu daga cikin fina-finan da idona, sai na tarar nasa ya fi daɗi. Rabin abin da ya faɗa mana ma babu shi a ciki.

Ranar da ya ajiye alli, Inna ta yi kwana uku tana amsa gaisuwarsa a daƙile. Ta ce, "Ka bar koyar da 'ya'yan mutane ka koma yin muryar aljanu a cikin akwati?"

Ya ce, "Inna, can ma koyarwa ce. Bambancin kawai ɗaliban ba sa barci."

Wurin aikin wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon gyaran waya. An manne bangon da kwalayen ƙwai don kada hayaniyar titi ta shigo. Kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya da aka ɗaure wa safa a baki, sai fanka wadda dole a kashe ta in za a ɗauki murya. Don haka Yaya, mutumin da ba ya fita ko ƙofar gida ba tare da hula ba, a can da singileti yake aiki, da tawul a wuya.

Su huɗu ne masu fassara, shi ne ya zo ƙarshe. Ya tarar ɗaya ya riƙe fina-finan soyayya, ɗaya na faɗa, ɗaya na barkwanci. Abin da ya rage shi ne tarin waɗanda mai shagon ke kira fina-finan ɓacin rai: waɗanda ake nuna duniya ta lalace, sama ta yi toka-toka, ruwa ya zama na masu hali, kowa da lamba a wuyan hannu, ga kyamara har a banɗaki. Mai shagon ya ce, "Malam, ba wanda ke ɗaukarsu. Mutum ya wuni cikin wahala, ya dawo gida kuma ya kalli wahala?"

Yaya ya ce a ba shi.

Kusan duk fim ɗin da ya ɗauka da rubutu yake farawa, shi kuma sai ya sauke murya ya karanta: "Bayan shekara ɗari…" Kafin wata shida sunan ya bi shi. Masu gyaran waya, masu sayar da caja, direbobin tasha, kowa sai "Bayan Shekara Ɗari, ina kwana?" Har surukarsa ta taɓa kuskuren kiransa da shi a gaban baƙi.

Sirrinsa shi ne ba ya bin magana kalma-kalma. In mutanen cikin fim suka yi dogon layin karɓar ruwa, sai ka ji ya ce, "Jama'a ga layi kamar na asibiti ranar Litinin." In na'urar bakin ƙofa ta hana wani bawan Allah shiga saboda katinsa, sai ya ba na'urar muryar ma'aikaciyar da ta gaji: "Babu sabis, a dawo gobe." Mutane su yi ta dariya, daga baya kuma su yi shiru. Fina-finan da aka ce ba mai ɗauka suka zama su ake fara tambaya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma gidan Yaya na kan hanyata, don haka nakan tsaya in sha shayi. Wata rana na ce masa, "Yaya, wai masu yin fina-finan nan duba suke yi? Ta yaya suka san abin da zai faru nan gaba?"

Ya ce, "Auta, ba gobe suke hangowa ba. Taga kawai suke leƙawa, sai su ƙara wa abin da suka gani gishiri. In ka ce wa mutum ga abin da ake yi maka yau, zai ce kana da jam'iyya. In ka ce masa bayan shekara ɗari ne, sai ya gyara zama ya saurara."

Aikin ya ɗan shiga kansa, ba zan ɓoye ba. Ya fara sayen littattafan irin labaran a wurin masu gwanjo, har ƙarƙashin gado ya cika. In za a yi gulmar dangi, sai ya karɓi wayoyinmu ya zuba a tukunya ya rufe, wai suna ji. Matarsa, wadda nake kira Anti, takan ce, "Malam, wanda ke sauraren wayarka ai ya fi kowa shan wahala. Daga neman mai gyaran famfo sai tambayar ko an kawo wuta."

Sai aka kawo masa wani dogon fim na wani birni da aka raba biyu da katanga, masu hali a ciki, talakawa a waje. Shugaban birnin wani dattijo ne mai farin gashi da sanyin murya, yana shafa kan yara, yana tambayar lafiyar tsofaffi. Saboda tsawonsa, mai shagon ya sa aka raba fim ɗin kashi biyu. A ƙarshen kashi na ɗaya dattijon ke yin jawabi ranar aza tubalin katangar. Yaya ya yi mako guda a kan jawabin nan, yana zagaya tsakar gida yana gwada shi a kan Anti tana wanke-wanke. Abin da ya fito da shi har yau akwai waɗanda suka haddace:

"'Ya'yana, katanga ba rabuwa ba ce, runguma ce. Wace uwa ce za ta bar ƙofa a buɗe alhali ɗanta na rarrafe? Ba don mun gaji da ku muka gina ta ba, sai don ba ma son ku ji ciwo."

Fim ɗin ya karɓu, aka kalla, aka wuce wurin.

Bayan shekara biyu hukumar birninmu ta yanke shawarar gina katanga tsakanin sabuwar unguwar manyan gidaje da tsohuwar unguwarmu, ta kan hanyar da muke bi zuwa kasuwa da asibiti. Ranar aza tubali Asabar ce. Ina gidan Yaya ina yi wa Anti kitso, rediyo na kan taga, Yaya na gyaran ƙafar kujera. Shugaban hukumar ya gama gaishe-gaishensa, ya yi gyaran murya, ya ce, "'Ya'yana, katanga ba rabuwa ba ce, runguma ce."

Anti ta juyo da sauri har kitson ya kuɓuce mini. Ta ce, "Malam, wannan ba maganar da ka ishe ni da ita a bakin famfo ba ce?"

Yaya ya tsaya da guduma a hannu. Shugaba ya ci gaba, da uwa, da ɗa mai rarrafe, da komai, ko wasali bai canza ba. Kafin la'asar wasu sun haɗa hoton shugaba da na dattijon fim gefe da gefe, suna magana tare kamar masu karatun haɗin baki. Washegari har a ɗakin haihuwa na ji ana kunnawa.

Ranar Laraba takarda ta zo: ana neman Yaya a ofishin yaɗa labarai na hukumar, ƙarfe tara na safiyar Alhamis.

A nan ilimin Yaya ya zame masa wahala. Duk fim ɗin da ya fassara, wanda aka aika wa irin takardar nan ba ya dawowa, in ma ya dawo to yana murmushi ba ya gane matarsa. Ya kira ɗansa na fari a waya ya yi masa wasiyya. Anti ta haɗa masa jaka da buroshi da maganin hawan jini, tana yi tana faɗa. Inna ta ce ita dama tun farko ta faɗa. Ni kuwa ina da hutu ranar, na ce zan raka shi.

Yaya ya sa ran farin ɗaki da fitilar da za a haska masa a ido. Abin da muka tarar benci ne mai ƙafa uku da bulo, da sakatariya tana cin gyaɗa. Aka rubuta sunansa a littafi a bakin ƙofa, aka sake rubutawa a bene, aka kuma ce ya sauka ya sake don biron farko ja ne. Muka yi awa uku a zaune. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "A fim da tuni sun gama da ni. Nan ko zaluncin ma sai ka bi layi."

Da aka shigar da mu, muka tarar da daraktan ofishin, wani ƙaton mutum mai carbi, da wani siriri mai tabarau a tsaye a gefe, rungume da fayil. Darakta ya ce, "Malam, kai tsohon malami ne, da mutuncinka. Wa ya sa ka ɗauki jawabin mai girma shugaba ka sa a bakin azzalumi?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, azzalumin ne ya riga faɗa."

"Ban gane ba."

Yaya ya buɗe jakar da aka haɗa masa don zaman kurkuku, ya zaro faifan fim ɗin daga ƙarƙashin tawul. Kwanan watan na jikin kwalin, shekara biyu cif kafin aza tubali. Darakta ya juya kwalin gaba da baya. Sannan a hankali ya juya kujerarsa wajen mai tabarau, wanda sai a lokacin muka gane shi ne mai rubuta wa shugaba jawabi.

Bawan Allah ya gyara riƙon fayil ɗinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, Hausar ce ta yi mini daɗi. Na kwana biyu ina neman yadda zan faɗi maganar katanga ba tare da ta yi ɗaci ba, sai na tuna da ita. Kuma ai mutumin kirki ne a fim ɗin. Yana shafa kan yara."

Yaya ya ce, "Ɗan'uwa, kashi na biyu fa?"

"Akwai kashi na biyu?"

"A nan yake rufe wa mutanen waje famfo."

Darakta ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa, ya mai da abin tari. Da ya natsu ya ce, "To Malam, tunda alƙalaminka na da zaƙi haka, me zai hana ka dawo nan ka riƙa rubuta mana? Ga ofis, ga fanka."

Yaya ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai ni mugaye kawai na iya yi wa magana."

Na take masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Darakta ya yi kamar bai ji ba. Aka kawo takarda Yaya ya sa hannu cewa bai yi niyyar cin mutuncin jawabin da ba a riga an yi ba, aka sallame mu kafin azahar.

Na ɗauka zai yi ta dariya a hanya, amma har muka hau mota fuskarsa a murtuke take. Sai da muka kusa gida ya ce, "Auta, mako guda na yi ina goge maganar nan har ta yi sheƙi. Ga shi an ɗauka an yi aiki da ita a kanmu."

Anti ta ba shi shawarar ya riƙa ba mugaye ƙatuwar murya da dariyar ƙeta, yadda ko jariri zai gane su. Ya ƙi. Ya ce a duniya ba haka suke zuwa ba, kuma in ya koya wa mutane jiran mai ƙatuwar murya, mai sanyin murya zai wuce ta gabansu su yi masa sannu da zuwa. Abin da ya yi shi ne ya je ya sami mai shagon ya ce daga yau ba a ƙara raba masa fim biyu, komai tsawonsa. Suka yi kwana biyu ba sa ga maciji, sannan mai shagon ya haƙura.

Katanga dai an gina ta. Amma matan kasuwa sun yi ta zarya zuwa ofishin hukuma suna cewa rungumar ta yi musu yawa, numfashi suke nema, har aka bar ƙofofi biyu. Ta ɗaya nake bi kullum in tafi asibiti, in nuna kati, mai gadi ya duba hotona ya dube ni kamar bai gan ni jiya ba.

Mai tabarau kuwa an mai da shi sashen ajiyar tsofaffin fayiloli. Wata Asabar sai ga shi a ƙofar gidan Yaya, yana ta murza hannu, wai ya zo neman kashi na biyu. Tun daga ranar ya zama ɗan gida. Yaya na ba shi aron littattafan ƙarƙashin gado, da sharaɗi ɗaya: ba ya karɓar littafi sai ya yi masa tambayoyi a kan babin ƙarshe.

Makon jiya na tarar da su a tsakar gida suna musu a kan wani littafi da jarumarsa ta tsere daga gari ta shiga jirgin ruwa, labarin ya ƙare ba a faɗi inda ta sauka ba. Mai tabarau ya dage ta tsira. Yaya ya dage jirgin na hukuma ne. Suka juyo wai in raba gardama, ni da ban karanta ba. Anti ta leƙo daga kicin ta ce duk wanda ya ƙara ɗaga murya shi zai wanke kofunan shayi, sai suka ci gaba da musun da raɗa.