Ranar da Falwaya Ya Cire Takalmi

Na daɗe ina faci a bakin mahaɗar nan, kuma duk wanda ya tambaye ni ko masu ba da hannu suna hutawa a cikin motarsu a bakin aiki, dariya nake yi. Hutawa kaɗai? Na ga wanda ya yi munshari har gilashi ya yi gumi. Motar sintirin tana fakewa ne a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen shagona, ta juya baki wajen titi kamar yanzu za ta bi ɓarawo, alhali an kwantar da kujerar gaba, wani ƙato ya rufe fuska da hula. Doka ta hana, kowa ya san ta hana, har Sufeton da ke hanawa ya yi nasa barcin a zamaninsa. Mutum ɗaya na sani da bai taɓa zama a motar nan ba sai rana ɗaya, kuma ranar ce ta cinye shi.

Falwaya ake ce masa. Direbobi ne suka laƙa masa sunan, don dogo ne siriri, kuma in ka wuce da safe yana tsakiyar titi, in ka dawo da yamma yana nan kamar da siminti aka dasa shi. Kofur ne, igiya biyu, ya daɗe a kofur har yaran da ya koya wa ɗaga hannu sun zama masu daka masa tsawa. Kada a ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai taurin kai da ɗaure fuska, ya taɓa sa ni kwashe tayoyina kaf daga bakin hanya saboda ɗaya ta leƙa kwalta da ɗan yatsa. Na zage shi a zuci har na gaji, daga baya kuma muka zama abokai ba tare da ɗayanmu ya nema ba.

Burinsa a duniya guda ne: igiya ta uku. Yana so kafin ya yi ritaya a kira shi Saje, ko da na wata ɗaya ne. Kuma ya ga alamar samu, don Sufeto ya tara su ya ce akwai igiya ɗaya da za ta fito a rukuninsu, amma duk wanda ya kama a cikin mota lokacin aiki, ya manta da ita.

Abin da Sufeto bai sani ba shi ne dalilin da ya sa bai taɓa kama kowa ba. Daga tsakiyar mahaɗar ana hango gangaren da motarsa ke biyowa, kuma Falwaya ne kullum a tsakiyar. Da ya hango ta sai ya ja usur ja mai tsawo, ya karya shi a ƙarshe, ba irin gajeren busan da ake yi wa motoci ba. Nan take za ka ga ƙofofi sun buɗe, ƙattai suna dirowa suna gyara bel, kafin Sufeto ya iso kowa ya kama kusurwarsa yana ɗaga hannu kamar an haife shi a kan titi. Haka aka yi shekara da shekaru, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake rufa musu asiri. Ya ce, "Mai faci, 'yan'uwana ne. Rana ba ta da daɗi."

Wata rana na kai masa tayar kekensa bariki, na tarar ya dawo daga aiki. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya, gado a can, kujera da tukwane a nan, kakinsa na gobe a rataye a ƙusa. Yana zaune a bakin gado ya riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu, matarsa ta durƙusa ta kama dunduniyar takalminsa tana ja kamar mai ciro guga daga rijiya. Da takalmin ya fita na ga ƙafa, sai da na kau da kai. Ta kumbura tana sheƙi, ga sawun igiyar takalmi kwance a jikinta. Ciwon suga ne, ya daɗe yana ɓoye shi don kada a sallame shi kafin lokaci.

"Ka ga takalmin nan?" in ji shi. "In ya fita, sai gobe da asuba. Ƙafar nan in ta sha iska ba ta komawa."

Matar ta turo masa roba da ruwan ɗumi, ta ce, "Malam, ai saura ƙiris. Da igiyar ta fito ka huta." Sannan ta nuna mini wata allura da ta soke a jikin labule, da zarenta baƙi a zure. Ta ce ba tela ne zai ɗinka igiyar nan ba, ita ce da hannunta. Ya ce mata ta cika surutu, amma na ga yana murmushi a ƙasa-ƙasa.

A cikin masu barcin akwai wani kofur matashi da muke kira Madubi, saboda ba ya wuce motar mutum bai duba gashin bakinsa a gilashi ba. Bakinsa zuma. "Baba" yake ce wa Falwaya, yana karɓar masa ruwa, yana kaɗe masa hula. Shi ma igiya biyu gare shi, kuma shi ma ya ji abin da Sufeto ya faɗa.

Ranar da abin ya faru, rana ta buɗe tun da hantsi, kwalta har laushi take yi. Wajen azahar na ga Falwaya ya yi tangaɗi a tsakiyar titi, ya dafa wata mota. Madubi ya ruga ya tare shi. Da kunnena na ji.

"Baba, wallahi faɗuwa za ka yi. Shiga mota ka ɗan miƙe."

"Bar ni, yanzu zai wuce."

"Haba Baba! Kullum kai kake busa mana, yau ɗaya ba za mu busa maka ba? Ni zan tsaya a wurinka. Ko ƙuda ya taso daga gangaren nan sai ka ji ni."

Ya ja shi har mota, ya kwantar masa da kujera, ya ce ya cire takalmi jini ya zaga. Mutumin da ya san ƙafarsa fiye da kowa, jiri ya rufe masa ido, ya bari aka zare masa su. Ni kuma aka kawo mini wata tifa, na shige ƙarƙashinta ina fama da jak.

Ban ji usur ba. Abin da na ji shi ne ƙarar rufe ƙofa, sannan mahaɗar ta yi wani irin shiru. Na fito na ga motar Sufeto a tsaye, Madubi ya ƙame a tsakiyar titi yana sara masa, usur na lilo a ƙirjinsa. Daga inda yake tsaye, ko mai hakiya zai hango gangaren nan. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To, ɓarayin sun ci dubunsu lafiya, rana ɗayar ta faɗa kan mai gadi.

Sufeto ya leƙa motar ya yi dariya. "To! Ashe falwaya ma tana kwanciya. Fito. Sa takalminka."

Falwaya ya zauna a bakin ƙofa yana cusa ƙafa. Ya ja, ya danna, ya buga dunduniya a ƙasa, gumi na zuba, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Mutane suka taru, direbobin da ya taɓa tsarewa suka sauke gilashi, wayoyi suka tashi sama. Wani yana cewa, "A shafa masa giris!" aka kwashe da dariya.

"Ranka ya daɗe, ba ni da lafiya ne. Yau ne kawai."

"Kowa na kama, yau ne kawai. Tunda ƙafarka ta fi ƙarfin takalmin gwamnati, je ka yi aikin a haka. In ka tsaya har a tashi, sai in duba maganarka."

Wannan "in duba maganarka" ita ta kashe shi. Ya miƙe tsaye, ƙafa ba takalmi, ya taka kwalta, ya karɓi wurinsa ya fara ba da hannu. Sufeto kuwa ya shiga motar sintirin da ya hana kowa, ya zauna a inuwa yana kallo. Na yanko wani faifan tsohon tub na ruga na ajiye a gabansa, na ce ya hau. Bai ko dube ni ba.

"Ɗauke, mai faci. Yana gani."

"Ƙafarka za ta soyu!"

"Ba na jin komai, wallahi. Ɗauke."

Gaskiya ya faɗa, ba ya ji, ciwon ya riga ya kashe masa tafin ƙafa. Da aka tashi ya ɗaga ƙafa zai tafi, fatar ta zauna a kan kwalta. Ni na goya shi zuwa bariki, kuma har yau in na tuna ihun matarsa abinci fita yake daga raina.

Gyambon bai warke ba. Aka yanke ta dama a ƙasan gwiwa, aka sallame shi saboda rashin lafiya, yana kofur ɗinsa, aka ce su ba da ɗakin bariki. Igiya ta fito a kan lokacinta, ta sauka a hannun Madubi. Allurar nan kuwa ba ta yi asarar zarenta ba: da ita matar ta naɗe ƙafar wandonsa ta dama ta ɗinke.

Yanzu kullum da safe tana rako shi da sandunansa, ta zaunar da shi a bencina ta wuce wankau. Ya ce zaman gida na kashe shi, gara ya ji ƙarar motoci. Usur ɗin na nan a wuyansa, shi kaɗai ba su karɓe ba. Mutumin da bai taɓa zama ba, ga shi ya samu zama har ya ishe shi.

Kwanan baya Saje Madubi ya tako har shagona, ya yi ƙiba, ya duba gashin bakinsa a madubin wani babur.

"Baba, ya ƙarfin jiki? Yaran nan sababbi ba su iya gadi ba. Tunda kana zaune ba abin da kake yi, kuma daga nan ma ana ganin gangaren, ka riƙa taimaka mana."

Na ɗauki ƙarfen ɓare taya, Allah ne ya riƙe hannuna. Falwaya ya kau da kai gefe. Na ce a raina, madalla, yau za mu ga ƙarshen barci.

Da rana ta take, motar Sufeto ta ɓullo. Na dubi Falwaya, ya dubi motar sintiri, ya dubi kwalta tana hayaƙi. Ya kai usur baki, ya ja ja mai tsawo, ya karya shi a ƙarshe. Ƙofofi suka buɗe. Sufeto ya wuce yana ɗaga wa Saje hannu.

Da ƙura ta lafa Saje ya dawo inuwa yana hamma. Ya sa ƙafa ɗaya a mota, sannan ya waiwayo.

"Baba, ka makara fa, saura kaɗan ya gan ni. Gobe ka riƙa busawa da wuri."