Keken da Baba Giris Ya Hana Mai

Idan ka bi titin da ke gangarawa kasuwa, za ka ga wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi rataye a jikinta. Nan Baba Giris yake gyaran keke tun gashin kansa yana baƙi. Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Mutum ne da Allah ya halitta da ƙin ƙara. Ƙofa ta yi ƙiii, ko baron wani ya wuce yana kuka, sai ka gan shi ya taso da gwangwanin giris ɗinsa, man nan da ake shafa wa ƙarfe, ba a kira shi ba, ba kuma ya jiran godiya. Inna, matarsa, takan ce da ana shafa wa bakin mutane giris su daina surutu, da tuni ya gama da unguwar.

A wurinsa aikin kirki ɗaya ne: ka juya ƙafar keke da ɗan yatsa, ka je ka sha ruwa, ka dawo ka tarar tana juyawa shiru. Da wannan ya ci da iyalinsa har ya aurar da 'ya'yansa, kuma ko da babura suka cika gari bai sake sana'a ba.

Autarsa tana aiki a wani kantin magani, saboda haka kullum da safe takan kawo 'yarta wurin kakanni. Yarinyar lukuta ce mai kumatu. Sa'o'inta duk sun tashi suna tafiya, ita kuwa tana zaune daram a tabarma, abin da take so sai ta nuna da yatsa a kawo mata. Shi ya sa kakan ya raɗa mata Manaja. An kai ta asibiti, likita ya ce ƙafafunta lafiya lau, a dai bar ta ta riƙa kama abu tana miƙewa. Amma wa ya isa ya rufe bakin maƙwabta? Wannan ta ce "har yanzu?", waccan ta ce nata ɗan tun bai shekara ba yake gudu. Auta ta yi musu dariyar yaƙe, ta shige ɗakin Inna ta share hawaye. Sau ɗaya Baba Giris ya ga hawayen nan, ranar bai iya cin abinci ba.

"Ni da nake tayar da kekunan da aka jefar a bola," in ji shi, "jikata ce za ta gagare ni?"

Ya ƙudura ƙera mata keken koyon tafiya. Ya karɓo katako wurin kafintan da ke kusa da rumfarsa, ya goge shi har ba inda sartse zai kama hannu. Ya ɗaura masa kan keken yara da ƙararrawa. Sannan ya zo wurin da ya fi ƙwarewa: ƙafafu huɗu, kowace da sabon boris mai ƙwallayen ƙarfe da ke sa ta juyawa sumul, kowane boris ya sha giris har ya ƙoshi. Da ya kawo shi gida ya ɗan taɓa shi da yatsa, keken ya sulale a kan siminti tun daga ƙofar ɗaki har bakin zaure, ko uffan. Tsohon ya dubi Inna yana jiran yabo.

Manaja ta rarrafo, ta kama, ta miƙe, ta jingina da duk nauyinta. Keken ya yi abin da aka gina shi ya yi, ya gudu ya bar ta. Ta kifa da baki. Ciwon ɗan kaɗan ne a leɓe, amma tsoron ya yi yawa. Daga ranar ko gefen gado ta daina kamawa, in ta hango keken sai ta ƙanƙame Inna.

"Baba, don Allah a bar min 'ya haka," Auta ta ce, idonta a ƙasa. "Gara ta yi ta zamanta."

Garin neman gira ya kusa rasa ido. Ya kwashi kekensa ya mai da rumfa, ya tura shi bayan tayoyi, kunya da baƙin ciki sun cika shi.

Aka kwana biyu. Wata rana ya dawo cin abincin rana, Inna ta ajiye kwandon wanki a tsakar gida, shaƙe da jiƙaƙƙun kaya. Sai ga Manaja ta rarrafa ta kama bakin kwandon, ta yi jim, ta miƙe. Ta jingina. Kwandon bai gudu ba, sai da ta yi nishi sannan ya ɗan matsa, ita ma ta ja ƙafa ɗaya ta bi shi.

"Kar ka yi magana," Inna ta raɗa masa. "Ka gani ko? Kwandona yana jiranta. Naka kuwa tsere yake yi."

"To ai keke don gudu aka yi shi."

"Na manya ke nan, Malam. Ita abin jingina take nema."

Lomar da ke hannunsa ma a kwano ya mayar. Ya koma rumfa ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana yaron shago: ya ɓata ƙafar keke da gangan. Ya cire boris ɗin nan masu kyau, ya wanke giris da kananzir, ya zura ƙafafun katako a sandar ƙarfe tsura. Ya naɗa musu yankin tsohon tif na taya don kada su zame, ya ɗaure noti tamau. Ya faɗaɗa gindin keken, ya sauke mariƙin daidai ƙirjin yarinyar, ya kafa akwati a gaba mai ɗaukar kaya masu nauyi. Da ya tura, keken ya ce ƙiii.

Kafinta ya leƙo. "Baba Giris, lafiya? Ko mai ya yi tsada ne?"

Hannun tsohon har ya kai kan gwangwani. Ya janye shi, ya ɗora gwangwanin can saman rumfa inda sai da tsani.

Bai kai wa Manaja ba, uwarta ya fara kai wa. "Tura shi da kanki, Auta. In ya gudu, ki sa a wuta." Ta tura, ya ƙi. Ta ƙara ƙarfi, ya matsa kaɗan yana kuka. Ba ta hana ba. Inna ta zuba wankinta a akwatin, aka bar keken inda kwando yake zama, kowa ya yi kamar bai san da shi ba.

Manaja ta yi kwanaki tana hararar sa daga nesa. Ƙararrawar ce ta fara jawo ta. Daga nan ta kama mariƙin, ta miƙe, ta jingina. Ƙiii. Ta tsaya, ta zaro ido, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta sake turawa don ta ƙara ji. Ashe ƙarar da kakan ya yi rayuwarsa yana yaƙa, ita ce ladan kowane taku. Gidan da ko ƙofar banɗaki ba ta da izinin yin tsuwa ya koma ƙiii, ƙiii, daga safe har yamma. Shi kuma in ya ga ƙafarta ta ƙara ƙwari, sai ya ɗan sassauta notin, ya rage kayan akwatin.

Wata yamma ya shigo gida, ya tsuguna yana wanke hannu da sabulu, Auta ma ta zo ɗaukar 'yarta. Yana jin ƙarar tana tahowa ta bayansa, yana murmushi. Sai ƙarar ta yanke. Gabansa ya faɗi, don shirun da ya sani a wajen keken nan na faɗuwa ne. Ya juyo da kumfa a hannu.

Keken yana can tsaye shi kaɗai. Manaja ta sake shi, hannuwa a sama, tana tahowa tangal-tangal, ba ta riƙe da komai. Auta ta toshe bakinta, tana dariya tana hawaye. Yarinyar ta iso ta cafke wandon kakan nan da ya yi baƙi da mai, ta ɗago kai tana nuna masa kafaɗarsa da yatsa.

"To, Manaja," ya ce, "yau da ƙafarki kika zo ba da umarni."

Ya ɗauke ta, kumfar da giris ɗin duk suka ɓata mata riga, ba kuwa wanda ya damu.