Iskar da Malama Take Kira

Da bazara ne, an gama cire albasa, Aliero duk ta ɗauki warinta, zafi kuma ba a magana. Shekarar ba ta yi mana daɗi ba, mu iyayen 'yan mata. Sau biyu ana sallamar makarantar su ɗiyata tun kafin azahar, saboda yarinya ɗaya za ta yanke jiki ta faɗi tana ihu, kafin a ankara biyar sun bi ta. Kowa ya ce iskoki ne. Abin da na gani a ƙarshen bazarar nan, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shi ba.

Ɗiyata tana aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Tun faɗuwar 'yan matan ta biyu ta rage cin abinci, ko kwano ya faɗi sai ta zabura. Ana haka aka kawo musu sabuwar malama daga Jega. Ba a daɗe ba na lura yarinyar ta fito da wani sabon hali. Sai ta zauna gindin darbejiya, ta rufe ido, hannuwa bisa gwiwa, ko motsi babu.

Wata rana muna tsintar shinkafa na ce, "Ke, wanga zama da kike yi, minene?"

Ta ce, "Malama ta koya muna, Inna. Ta ce mu yi shiru mu bar iska ta shigo, mu saurare ta, sannan mu bar ta ta tahi."

Faifan ya kusa suɓuce mini. Ashe babanta yana bakin zaure, ya ji komai. Ya ce, "Kin ji ko? Mutane na korar abu, ita tana kiran shi. Daga gobe ba ta ƙara taka makarantar nan."

Yarinyar ta fashe da kuka. Ni da sai da na haifi huɗu sannan na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, na san abin da za ta rasa. Na ce, "Malam, ka ba ni gobe kaɗai, in je in gani da idona." Da ƙyar ya yarda.

Na isa makarantar bayan an dawo daga hutun tara. Sauran azuzuwa ana ta hayaniya, amma nasu yana can ƙarshe, kusa da tsohuwar tsamiyar da aka ce daga nan abin yake fitowa. Ina matsawa hayaniyar tana raguwa, har na koma ba na jin komai sai takun takalmina. Na leƙa ta taga. Aji cike da 'yan mata, fararen hijabai jere, ido a rufe, ba mai ko tari. Numfashinsu kawai nake ji, yana tashi tare yana sauka tare, kamar wata babbar dabba ce ke barci a ɗakin. Malamar tana bi tsakanin benci a hankali, murya ƙasa ƙasa: "Ga ta nan ta shigo. Kada ku riƙe ta. Ku sake ta." Na hango fuskar ɗiyata, sai na ga kamar ba tawa ba.

Can sai wata yarinya kusa da tagar ta fara karkarwa, haƙoranta suna haɗuwa. Haka aka ce abin yake farawa. Ina ta addu'a a zuci. Malamar ta durƙusa gabanta ta kama hannunta. "Ɗiyata, kina cikin aji, ga ni nan. Ji ƙafarki a ƙasa. Shaƙa tare da ni, ɗaya, biyu, uku." Ba wadda ta yi ihu. Tawa ɗiyar ta buɗe ido ta dubi yarinyar, ta sake rufewa ta ja dogon numfashi. Sannu a hankali karkarwar ta lafa, yarinyar ta nemi ruwa.

Sai a lokacin idona ya kai kan allo. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: Numfashi. Shaƙa ta hanci. Saki ta baki.

Da malamar ta fito ta ce, "Inna, lahiya?"

Na ce, "Malama, don Allah wace iska ce kike kira musu?"

Ta dube ni, sannan ta rufe baki tana dariya. "Wayyo Inna! Iskar hanci ce, wadda ni da ke muke shaƙa yanzu. In ɗaya ta yi ihu, tsoro ke kwasar sauran. Ina koya musu su tsaya su ji numfashinsu kahin tsoron ya kwashe su."

Ban ce babu iskoki ba, kuma har yau ban san abin da ya taɓa yarinyar can ba. Na dai faɗa wa Malam abin da na gani, da abin da na karanta da kaina. Ya ce, "Ke kika gani. Ta je, amma idonki na kanta."

Kalma ɗaya ta kusa raba ɗiyata da karatu. Tun daga ranar, in yaro ya kawo mini magana mai ban tsoro, sai na tambaye shi sau biyu, in kuma taka in je in gani. Washegari da safe na goge mata hijabinta, na riƙe jakarta, na raka ta har bakin ƙofar ajin.