Matakala uku da na gina wa Inna

Lokacin da abin nan ya faru ina ma'aikacin gwamnati a Gumel, shekaruna sun haura arba'in, kuma ina ɗaukar kaina mutum mai tsari. Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, a gidan da aka kai ta amarya, kuma bayan rasuwar mahaifinmu ta ƙi yarda ta dawo gari. Duk wanda ya san mutanenmu ya san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa roƙona ko allura ba. Idan na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon gefe, ta sa mini albarka, in tashi. Ban taɓa zaton wannan shirun zai karya mata ƙashi ba.

Ciwon gwiwa ya matsa mata, ga kuma damina ta zaftare bangon ɗakinta na ƙasa. Sai na yanke shawarar in rushe shi in gina mata na bulo, wanda zai sauƙaƙa mata tsufa. Na ɗauko wani magini da ya yi wa 'yan kasuwar Maigatari gidaje. Ya zagaya wurin sau ɗaya, ya ce sai an ɗaga ginin saboda ruwa, kuma ai mutum mai matsayi irina ba ya yi wa uwarsa ɗaki daidai da ƙasa. Ya lissafa matakala uku, da tayil mai sheƙi, da silin, da banɗaki a cikin ɗaki. Na aiki ƙanwata, wadda ke aure a ƙauyen, ta tambayi Inna ko tana da magana. Amsar da ta dawo ita ce duk abin da na yi daidai ne. Na karɓi wannan a matsayin amincewa, alhali na san ko rijiya na ce zan haƙa a tsakar ɗakin, amsar ba za ta canja ba.

Ranar rushewa na ga wata igiya ɗaure a jikin azara, tana reto saitin gadonta. A bakin ƙofa akwai kututturen darbejiya da hannu ya goge har yana ƙyalli, kusa da shi kuma wani faffaɗan dutse. Magini ya ɗaga igiyar yana dariya, ya ce ko Hajiya akuya take ɗaurewa a gado. Ni ma na yi dariya. Da igiyar nan take tashi daga kwance, kututturen take dafawa ta miƙe, a kan dutsen take alwala. Shekaru ta yi tana gyara ɗakinta daidai da gwiwoyinta, muka kwashe komai kafin azahar.

Da aka gama, dangi suka taru. Kawunmu ya ce ko a Dutse sai an tona kafin a ga irin ɗakin. Mata biyu suka kama Inna ta hammata suka hau da ita matakalar. Na gani da idona, na ɗauka girmamawa ce. Ta zauna a bakin gado, ta kalli gefe, ta ce Allah ya yi albarka.

Abin da ya biyo baya sai daga baya na ji shi daga bakin maƙwabciyarta. Inna ba ta taɓa shiga banɗakin cikin ɗaki ba, domin a wajenta ba a yin bayan gida a inda ake salla da cin abinci. Tsohon banɗakin bayan gida take zuwa, kuma a zaune take sauka matakalar, tana jan jiki ɗaya bayan ɗaya, ta hau da rarrafe. Da abin ya ishe ta sai ta rage shan ruwa da fura don kada buƙatar fita ta yawaita, kuma a tsakiyar bazara ake. Ƙawayenta tsofaffi suka daina shiga, sai su tsaya a ƙasa su yi sallama su wuce. Ni kuwa duk Asabar ina zuwa. Da ta ji ƙarar motata sai ta gyara zama a kan gado. In gaishe ta, in duba fenti ko ya tsage, in koma Gumel ina jin daɗin kaina.

Wata Laraba da la'asar ta yi alwala a kan matakalar sama, ruwan buta ya kwanta a tayil, ta yunƙura za ta miƙe babu abin dafawa. Maƙwabciyar ce ta shigo aron rariya ta tarar da ita a ƙasa. A asibiti likita ya ce ƙashin kwatangwalo ya karye. Ya ƙara da cewa jikinta babu ruwa, ya tambaye ni ko ƙauyenmu fari ake yi.

Na fita daga ofishinsa ina neman wanda zan sauke wa fushi. Na fara da ƙanwata. Ta ce Inna ce ta hana, ta ce duk wanda ya gaya wa wancan, wato ni, ba ta yafe ba, domin ɗa ba ya yin abin arziki a mayar masa da ƙorafi. Sannan ta dube ni ta ce Yaya ai ba makaho ba ne, duk Asabar yana zuwa, bango ne dai ya fi ɗaukar hankalinsa. Kawu ya ce shi ma ya lura, amma bai so ya ɓata mini farin ciki ba. Magini ya ce tsohuwa ce ba ta saba da ginin zamani ba, kuma ƙaddara ba ta da magani. Na yi imani da ƙaddara, amma matakalar nan ba daga sama ta faɗo ba. Har yau ina jin haushin ƙauye guda da ya kalli tsohuwa tana rarrafe wata biyar, ya zaɓi ya kare mini fuska. Amma wanda na fi jin haushinsa shi ne ɗan da ya taya magini dariyar igiya, wato ni.

Wata huɗu Inna ta yi kwance a gidana na Gumel, inda ta ƙi zama tana da lafiya. Ba ta ce mini komai ba. Sai dai ta gaya wa matata cewa ba ta son mutuwa ta same ta a nan. Sai na koma ƙauye. Wannan karon ban aika a tambaye ta ko tana so ba. Na zaunar da ƙanwata da maƙwabciyar, na ce su nuna mini yadda take tashi, da inda take sa hannu, da taku nawa take yi kafin ta huta. Aka fasa matakalar aka yi gangara mai sauƙi da ƙarfen riƙewa. Aka ɓamɓare tayil aka zuba siminti mai kaushi. Aka toshe ƙofar banɗakin ta ciki, aka buɗe masa wata ta waje. Na huda silin da hannuna na ɗaura sabuwar igiya.

Ta koma gidanta, amma da ƙarfen dogarawa, kuma likita ya ce ba za ta ƙara tafiya babu shi ba. Ta zauna a bakin gado, ta kalli gefe, ta ce Allah ya yi albarka, daidai yadda ta faɗa a karon farko. Ban saurari maganar ba. Hannunta na kalla, ya miƙa sama ya kama igiyar ba tare da ta duba ba.

Ina gargaɗin duk mai shirin gyara wa tsohonsa ɗaki, musamman 'yan fari irina. Albarkar da uwa ta sa maka ba shaida ba ce cewa aikinka ya yi, domin za ta sa maka ita ko da ka cuce ta. Kafin ka kira magini, je ka wuni a gidan, ka yi shiru, ka ga yadda take tashi da zama da alwala. Duk abin da ka gani a ɗakinta wanda ba ka gane amfaninsa ba, kada ka taɓa shi. Ni na taɓa, kuma Inna ce take ɗingishi a madadina.