Maganar da Inna ta yi wa ƙwarya

Akwai wani gyare da ke kuka cikin kunnena na hagu, rani da damina. Kada ka nema, ba ka ganin shi. Ni na saye shi da kaina, kuma duk lokacin da ya tasa, gidanmu na can bayan Cadakori nake tunawa.

Ni ne ɗan fari. Innata Bafillata ce, Hausa ma da girmanta ta koye ta, ka kuwa san kunyarsu. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta duba na ido cikin ido. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta dubi ƙwaryar da take wankewa, ta ce can ƙasa-ƙasa, “Randa dai ta yi ƙasa.” Shi ke nan, ni ake nufi. Haka na tashi da kunne kamar na zomo, ina tsinto saƙona daga bakin ƙwarya, ko murhu, ko ɗan maraƙi.

Wata kaka, ana ɗaurin dammunan hatsi, kawuna ya dawo daga Ikko da ƴar akwatin kaset mai abin sawa a kunne, da soso baƙi gefe-gefe. Ranar da ya ɗora mini ita a kunne ina bisa amalanke, na ji kamar makaɗan sun shigo cikin kaina sun shimfiɗa tabarma. Na murɗa ta har ƙarshe. Kakana na zaune nesa yana tufkar igiya, ya ce, “Kai, angon kakarka, in ni da nake nan ina jin kiɗan, to kai ba ji kake ba, duka kake sha.” Muka yi dariya. Inna ta wuce da tulu, bakinta ya motsa. Wannan ne saƙo na farko da ya kuɓuce mini. Da maraice na iske wata ta ɗebo itacen da aka ce in ɗebo.

Na girma na shiga fatauci. Agadas, Kwatanu, Lome, babu inda ban kwana a tasha ba. Mota na ruri, ni ina ƙara murya don in danne ta, daga safe har la'asar abin na kunne. Kaset ta wuce, waya ta zo, halin bai sake ba. In na sauka kunnen ya yi dum, in ce gajiya ce.

Likita a Maradi bai ɓoye mini ba. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura: kada murya ta wuce rabi, a riƙa cirewa ana hutar da kunne, kuma kada a yi gasa da injin mota. Na ce masa wani tsoho mai tufkar igiya ya riga shi, ba tare da ya sa farar riga ba.

Bara na je gida bayan girbi. Inna ta tsufa, muryar ta ƙara shigewa ciki. Muna zaune da hantsi, ni da ita da ƙanwata, sai na ga ta ɗago kai ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi magana mai ɗan tsawo. Tana hannuna na hagu. Ban kama komai ba sai “ka ji ko?”

Na ce, “Inna, ki sake.”

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar wake.

Na bi ƙanwata bayan rumbu, na ce me ta ce? Idonta jawur, ta ce, “Yaya, da kai ta yi, ba da ni ba. Ba ni maimaita wannan.”

Yanzu ƴaƴana nasu abin kunnen ko igiya babu, ɗan abu kamar ƙwayar gujiya. In na tsaya gabansu na ji tsiyayar kiɗa, sai in miƙa hannu in rage, suna gunaguni wai Baba ya cika tsohon yayi. Ba na musu. Ni dai na rage nisan tafiya. Duk wata ina hawa kabu-kabu daga Gidan Rumji, in je in zauna kusa da Inna, in juya mata kunnen dama. Sau bakwai ke nan. Har yanzu da wake take magana.