Jarrabawar Mai Bokiti

Shekara goma sha tara yayata ta yi tana goge daɓen asibiti. A ɗakin haihuwa ba mai kiranta da suna, sai Mai Bokiti. Da aka kawo baƙin likitoci masu jin Sifaniyanci, kowa ya koma yi musu magana da hannu kamar bebe, ita kuwa tana guga tana kasa kunne. Kafin shekara biyu, ita ke gaya wa likita inda ke yi wa mace ciwo, ta juya ta gaya wa macen abin da likita ya ce. Ko sannu babu.

Bara aka liƙa takarda a bango, za a ɗauki tafinta ɗaya, amma sai an yi jarrabawa a rubuce. Lokacin gwiwoyinta sun gama aiki, in ta durƙusa sai ta dafa bango take miƙewa. Ta ce mini, "Ke da kika yi sakandare, zo ki koya mini rubuta abin da na iya."

Wata uku muna zama a barandarta da yamma. Ni da ko zo in kashe ki ba na ji a yaren, ni ke riƙe da littafin da likita ya ara mata. Ina faɗa da Hausa, tana mayarwa da Sifaniyanci.

"Zan yi magana?"

"Hablaré."

"Za ka yi magana?"

"Hablarás. Malama, rage tsawa, ni na goya ki."

"Goyo ba ya fitowa a jarrabawa, Yaya. Za mu yi magana?"

"Hablaremos."

Gida shida ne a jadawalin, na ni, kai, shi, mu, ku da su, wutsiyar kalmar kawai ke canzawa. A baki kamar ruwa take zuba su, hannun ne ya saba da tsumma, biro sai zame mata yake.

Ranar jarrabawa aka zaunar da su huɗu a ɗakin taro, bango ɗaya da ɗakin haihuwa. Abin da muka sha bita shi ya fito. Ta cike gida uku ke nan babbar nas ta turo ƙofa.

"Mai Bokiti, taso. Wata na zubar da jini, likita bai gane me take faɗa ba."

Ta ajiye biro ta bi ta. Ashe matar cewa take allurar da za a yi mata ta taɓa shaƙe mata wuya. Aka canza, ta rayu. Da Yaya ta dawo har an tattara takardu. Mai tsaron jarrabawar ya ce, "Mama, doka ce, wanda ya fita ya fita."

Na je ofishin shugaban asibitin, ban rage komai a bakina ba. Na ce ku kuka kira ta, ba fitsari ta je ba. Ya ce za su duba. Har yau dubawa suke.

Wata yarinya mai satifiket aka ba aikin. Ban ga laifinta ba, gidajenta shida cif ta cike. Amma in likita ya yi magana da sauri sai ta leƙo baranda ta ce, "Mama, ɗan ajiye bokitin mana." Yaya ta ajiye ta shiga.

Na ce mata, "Ki ƙi zuwa sau ɗaya, Yaya, su san darajarki."

Ta ce, "In na ƙi, wa zai mutu? Shugaban?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki bokitinta.