Mazari da Yaran Motar Makaranta

Tun yana yaro uwarsa ta sa masa suna Mazari, don ko abinci aka zuba masa a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje. Sunan ya bi shi har furfura. Shekara goma sha tara ya yi yana jan babbar mota, yau yana nan gobe yana can, kuma abokan aikinsa sun shaide shi da abu biyu: bai taɓa kifar da kaya ba, bai kuma taɓa bari wani ya kai ƙarshen magana ba. In ya zo hutu gida, kafin kwana biyu ya kwance fanka ya sake ɗaurawa, ya canza wa kujeru wuri, ya buɗe tukunya sau uku tun ba ta tafasa ba. Matarsa takan ce, "Malam, don Allah ka koma hanya mu huta."

Ciwon baya ne ya sauke shi daga babbar mota. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaure takalmi, ya kasa miƙewa. Likita ya duba hoton ƙashin, ya auna jininsa ya tarar ya hau, ya ce doguwar tafiya kam ta ƙare. Wata uku ya yi a gida yana zagaye falo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, kafin wani tsohon abokinsa ya samo masa aikin jan motar wata makarantar firamare.

Farar bas ce, yara ashirin da shida, da wata mai rakiya da suke kira Anti, wadda ke zama bakin ƙofa da takardar sunaye. Mazari ya ɗauka aikin wasa ne. Sai da ya yi mako guda ya gane cewa buhun siminti ya fi yaro daɗin ɗauka, don siminti ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ba ya jefa wa kowa murfin gora a ƙeya. Ga shi kuma ana aikin gada a tsakiyar hanyarsu, kullum da rana sai sun yi kusan minti arba'in a cunkoso. Yara su yi ta ihu, shi ya yi ta danna oda yana daka musu tsawa ta madubi. Da yamma ya koma gida kai na sara, baya na zugi.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa ta ci, tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti. Ranar wata Asabar ta zo da tabarmar roba a naɗe, ta ture teburin falo gefe ta shimfiɗa.

"Baba, sauko nan."

"Me za a yi?"

"Motsa jiki ne da numfashi. Muna koya wa masu ciwon baya. Sunansa yoga."

"Yo, ga me?" in ji shi. "Ni dai ban ga komai ba sai tabarma."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa shi ya durƙusa hannu da gwiwa, ya ɗaga gadon baya sama kamar magen da ta tashi daga barci, ya sauke a hankali. Ta sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Ya ce da gemunsa za a mayar da shi zalɓe. Daga ƙarshe ta zaunar da shi, ta ce ya shaƙi iska ta hanci ya ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali ya ƙirga shida. Ya ƙirga goman duka cikin numfashi ɗaya.

"Baba, ba tsere ake yi ba."

"To ai na gama."

"Sake."

Ya yi ta yi ne kawai don kada ta kai ƙararsa wurin likita. Amma bayan wata guda ya lura yana ɗaure takalminsa ba tare da nishi ba, kuma bai faɗa wa kowa ba, don kada Uwata ta ji daɗi da yawa.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ke zama a kujerar bayansa, ana ce mata Rediyo, don daga ƙofar gidansu har ƙofar makaranta bakinta ba ya rufuwa. Wata rana a cunkoson gada, Mazari ya ji zuciyarsa na tafasa, ya janye hannu daga oda ya fara ƙirgen Uwata. Rediyo ta leƙo.

"Baba Direba, me ya sa kafaɗarka ke hawa tana sauka? Kuka kake yi?"

"Iska nake bai wa taya."

"Wace taya?"

Ya bubbuga cikinsa. "Wannan. Ki cika ta a hankali, kada ta fashe. Sannan ki sace iskar kaɗan-kaɗan, kamar ƙusa ta huda ta."

Ta gwada, tana fitar da iska ta tsakanin haƙora. Na kusa da ita suka kwashe da dariya, suka kwaikaya. Kafin motar gaba ta motsa, rabin bas ɗin na tsiyayar iska, ɗaya rabin na dariyarsu. Anti ta ɗago kai ta dube shi ta madubi.

Mazari ba ya kama abu da hannu ɗaya. Kashegari ya kashe injin a cunkoso ya ce kowa ya rufe ido ya ƙirga ƙara nawa kunnensa zai kamo. Wani ya ji guduma a kan gada, wata ta ji mai tallan ruwa, wani ya rantse ya ji kukan cikin Anti. Wata rana ya ce kowa ya ɗauki loma ɗaya daga abincinsa ya tauna sau ashirin ya faɗi abin da harshensa ya ji. Da yake sukan riga kowa isa makaranta da safe, sai ya fara jera su a gefen filin wasa, kusa da inda yake ajiye bas. Abin da Uwata ta koya masa ya sake wa suna. Ɗaga hannuwa sama a karkata dama da hagu ya zama waifa. Kwanciya a ɗaga ƙugu ya zama jak. Zalɓe dai ya ci gaba da zama zalɓe. Shi da kansa ba ya iya minti ɗaya a wuri guda. Yana cewa "ku natsu" yana zagaye su, yana gyara wa wannan gwiwa, yana duba agogo, yana leƙa tayar bas. Yaran ba su zama waliyyai ba. Har gobe ana faɗa kan kujerar taga. Sai dai malamar aji biyu ta ce 'yan bas sun fi saurin zama in an shiga aji, Anti kuma ta daina zuwa da maganin ciwon kai a jaka.

Ana cikin haka wani uba, mai kantin magani, ya tarar da ɗansa tsaye da ƙafa ɗaya a tsakar ɗaki, ido rufe. Ya tambaya, yaron ya ce yoga ce, Baba Direba ya koya musu. Washegari aka kira Mazari ofishin shugabar makaranta. Uban na zaune, makullin mota a hannu yana kaɗawa.

"Direba aka ɗauke ka ko malami?" in ji shi. "Ni na ji an ce abin nan ibadar wasu mutane ce. Wa ya ba ka izinin koya wa ɗana?"

"Ranka ya daɗe, ba abin da muke kira, ba abin da muke yi wa sujada. Miƙa ce da numfashi. Bari ma ka gani." Ya miƙe zai yi waifa, hannunsa ya doki kalandar bango ta faɗo.

"Zauna, Baba," in ji shugabar. "Maganar izini gaskiyarsa ce. 'Ya'yan mutane ne, kuma ko ni ba ka tambaya ba. A dakata da komai, a fili da cikin mota, sai an yi taron iyaye."

Taron saura mako biyu. Mazari ya yi su kamar a kan ƙaya. Haushi ya sa ya naɗe tabarmarsa ya jefa saman kwaba, ya daina yi ko a gida. Yara suka koma ihunsu, shi ya koma odarsa.

Ranar Laraba ta biyu, a daidai gadar, wata ƙaramar mota ta kutso ta gefe ta fasa masa madubi. Bai san lokacin da ya ja birkin hannu ya dira ba. Ya finciko mai motar ta kwalar riga, ya manna shi da ƙofa, yana zazzaga masa kalaman da ya baro a tashar manyan motoci. Sai da mutane uku suka ɓamɓare shi. Da ya juyo, ya ga fuskoki ashirin da shida manne da gilashi.

Ya hau ya tayar da mota. Ba wanda ya yi tari. Shirun da ya daɗe yana roƙo ya samu ranar, ya kuma ji ya fi ihun ciwo. Kowane yaro aka zo ƙofar gidansu sai ya sauka da sauri, ba sallama. Rediyo ma ta bi ta gefensa tana rungume da jakarta.

Da ya isa gida ya kasa zama. Ya shiga ɗaki ya fito, ya buɗe firji ya rufe, ya kira Uwata ya katse tun ba ta ɗauka ba. Matarsa ta bar shi ya gama zagayen ya ba ta labari, sannan ta ce, "Wanda ka shaƙe babba ne, zai manta. Yaran fa?"

Da safe, bayan ya ɗauki na ƙarshe, ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya juyo ya fuskance su.

"Jiya na yi abin kunya a gabanku. Na tsorata ku. Ku yafe mini."

Rediyo ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe abin ba ya aiki."

"Birki na nan lafiya lau, 'yata. Ƙafata ce ba ta taka ba."

"To gobe za ta taka?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Zan dai gwada."

A taron iyaye, tun kafin Anti ko wani ya kawo maganar, shi ya fara ba da labarin gada da bakinsa. Shugabar ta ce an rubuta masa gargaɗi, kuma in ya sake ya bar yara a mota ya sauka faɗa, aikin ya ƙare. Aka yi ta ja-in-ja fiye da awa guda. Uwata ta zo da rigar aikinta ta nuna abin da ake yi daki-daki, ta kuma cire abu biyu da ta ce ba su dace da ƙananan yara ba, abin da ya ɓata wa ubanta rai ƙwarai. Aka tsaya a kan Talata da Alhamis, minti goma sha biyar, ga yaran da iyayensu suka sa hannu kaɗai, kuma da malama a tsaye. Mai kantin magani bai sa hannu ba, bai kuma taɓa canza ra'ayi ba. Mazari ya mutunta hakan. In an fara, yakan ce wa yaron ya wuce aji, ya kuma yi kamar bai ga yadda yake waiwaye ba.

Shekara shida aka yi a haka. Yaran farko suka gama suka tafi, ƙannensu suka gaje kujerun. Ya sake yin faɗa a titi sau biyu, amma daga kan kujerarsa, da baki kawai. Sai wata shekara aka zo gwajin ido na sabunta lasisi, ya kasa karanta layi na uku. Ya ce allon ne ya yi datti. Aka goge allon, bai gani ba.

Makaranta ta ɗauki sabon direba, wani magidanci mai sanyin hali, ta kuma bar wa Mazari Talatarsa da Alhamis. Sauran kwanakin ya rasa inda zai sa kansa. Ya tara yaran benensu a ƙasan matakala yana koya musu, har maƙwabta suka yi ƙorafin an tare hanya. Ana nan, wata Alhamis sabon direban ya same shi bayan an tashi daga fili.

"Baba, yaran nan za su ga bayana. Ka riƙa biyo mu mana da rana, ko na mako guda ne."

Bai bari ya rufe baki ba ya riga shi shiga mota. Ya zauna a gaba, ya juya ya sa yara suka rufe ido suna sauraron titi. Aka samu natsuwa har kusan kasuwa. A nan ne ya buɗe nasa idon ya ga yadda ake tuƙin.

"Sa giya ta uku. Ba ka jin injin na kuka? Ka ba mai keken nan hanya. A'a, ba ta nan ba, bi ta bayan gidan mai, ya fi sauri."

"Baba," in ji Anti, "yara na sauraro, kai kaɗai ake ji."

Kwana uku sabon direban ya daure. A na huɗu, da Mazari ya zo shiga, ya tarar an ɗora jakar Anti a kujerar gaba, an kuma ware masa wuri can baya, tsakanin wasu tagwaye 'yan aji ɗaya da ba sa ga maciji da juna. Ya tsaya a matakala yana duban kujerar gaba, ya buɗe baki zai yi magana, sai ɗaya daga cikin tagwayen ya fasa ihu an ciji hannunsa. Mazari ya tattare rigarsa ya kutsa tsakanin kujeru, yana cewa, "Ku matsa, ku matsa, ga ni nan. Wa ya fara?"